Filin tambayoyinku: amfilifayar jita mai kwalba a ɗakin haya

Jama'a barkanmu da warhaka. Makon nan wasiƙun da suka shigo kusan duk kan kayan kiɗa ne, har mutum biyar suka tambayi abu ɗaya ta fuska daban daban, wato ƙaramar amfilifayar jita, na'urar da ke ƙara sautin jitar lantarki, irin mai kwalaben gilashi a ciki, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambayar batirin sola da injin rijiyar burtsatse ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wani matashi, Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa da fatan kana lahiya. Ni ina koyon jita ta lantarki, kiɗan Buzaye nika so sosai, kuma ɗakin haya nike gidan da muke da yawa, bango guda na tsakanina da wani magidanci mai ɗiya ƙanana. Na daɗe ina tara kuɗɗi kuma duk bidiyon da nika kallo cewa sukai in ba amfilifaya mai kwalba ba to ba ka san daɗin jita ba. Wani abokina ya ce in sayi mai wat 15 tunda 15 ba komi ba ce, sifikar biki ma wat dubu aka rubuta mata. Don Allah 15 ɗin na isa ta ko in ƙara, kuma wace iri zan nema?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a abin da aka tara. Ka gaida min abokin nan naka ka ce na ce ya bar ba mutane shawara kan wat, don dubun da yake gani a jikin sifikar biki yawanci talla ce, lamba ce ake bugawa a kwali don ta ja ido. Wat 15 na mai kwalba kuwa na gaske ne, in ka buɗe ta sosai a ɗakin haya ba maƙwabcinka na bango ɗaya kaɗai ba, har mai shayin bakin titi sai ya san ka fara.

Kunnen mutum ba ya bin lissafin wat kai tsaye. In ka ninka wat sau biyu abin da ke ƙaruwa desibel 3 ne kacal, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara, za ka ji ta ɗan ɗaga amma ba wani can ba, kafin kunne ya yarda cewa lallai ƙara ta ninka sai ka ninka wat ɗin sau 10. Ma'ana mai wat 5 rabin mai wat 50 take wajen ƙara, ita kuma mai 50 da ita ake hawa dandali gaban taro. Sannan sifikar jita mai inci 12 in mai kyau ce, wat 1 tak ka ba ta tana iya fitar da desibel 97 zuwa 100 in kana tsaye mita ɗaya a gabanta, alhali masana lafiyar kunne daga 85 suke fara gargaɗi ga wanda zai daɗe cikin ƙara. Wat ɗaya fa. Kai kuma kana maganar 15 har da ko ka ƙara.

Na san za ka ce to ai sai in rage bolum, to a nan gizo ke saƙar. Kwalaben nan fasahar da ce, su ne a cikin rediyon kakanninmu da sai an kunna an ɗan jira ta yi ɗumi kafin ta yi magana, tun wajen 1906 aka ƙirƙiro irin da ke ƙara ƙarfin sauti, taransisto ya zo a 1947 ya kore su daga kusan komai amma masu jita suka ƙi saki, kuma suna da dalili. Akwai ƙaramar kwalba a gaba, galibi 12AX7 wadda a Turai ake rubuta mata ECC83, ita ke karɓar ɗan siririn sautin da ke fitowa daga jita ta ɗaga shi, sai babba a baya, EL84 ko 6V6, ita ke tura sifika. In ka murɗa har babbar ta fara cika, sautin ba ya fashewa lokaci guda, a hankali yake yin kauri da ɗan gurnani, ka shafi tsirkiya a hankali ya fito garau, ka fincike ta da ƙarfi ya yi maka tsawa, duk ba tare da ka taɓa wani maɓalli ba, yatsanka ne ke tuƙi. Wannan shi ne abin da ake zuba kuɗi dominsa. To in ka sayi mai 15 ka ajiye bolum a kan 1 saboda yaran maƙwabci na barci, babbar kwalbar ko miƙa ba ta yi ba, ka sayo injin ban ruwan fadama ne kana shayar da tushen tumatir biyu a bayan ɗaki.

Saboda haka kar ka wuce wat 5, kuma ko 5 ɗin ma kar ka saya sai tana da maɓallin rage wat, wanda zai sauko da ita zuwa 1 ko ƙasa da haka. Shi ne abu na farko da zan duba kafin ma suna. In akwai wurin saka hedfon kuma to ka gama da matsalar dare. Sai ka duba gabanta ko tana da abin murɗawa biyu, ɗaya an rubuta Gain ɗaya kuma Master ko Volume, da su za ka iya matsa wa ƙaramar kwalbar ta yi gurnani ka kuma danne ƙarar da ke fita waje.

Masu irin wannan ba su da yawa. Bugera V5 wat 5 ce, kwalba biyu kawai, 12AX7 ɗaya EL84 ɗaya, sifika inci 8, a bayanta akwai maɓallin da ke kai ta wat 1 ko 0.1, ga wurin hedfon, ga ɗan amsa-kuwwa a ciki wanda kiɗan da kake so yana ƙaunarsa, kuma tana cikin masu sauƙin kuɗi. Vox AC4TV wat 4 ce da sifika inci 10, tana sauka zuwa wat 1 ko kwatan wat, abin murɗawarta kaɗan ne kuma sautinta wasai yake, sai dai yanzu na hannu aka fi samu kuma ba ta da hedfon. Blackstar HT-1R wat 1 ce da sifika inci 8 da hedfon, yayarta HT-5R wat 5 da inci 12. Marshall na da DSL1CR da DSL5CR su ma suna rage wat, amma su sun fi karkata ga masu son gurnani mai nauyi irin na kiɗan rok, ba hanyarka ba ce. Akwai kuma wadda duk masu bidiyo ke rantsuwa da ita, Fender Champ, a 1948 aka fara yin ta, wat 5, tsohon samfurinta abin murɗawa ɗaya ne jal a jikinta kuma har 12 yake kaiwa. Tana da daɗi ba ƙarya, amma ba ta sakin daɗin sai an buɗe ta, kuma Champ a buɗe a gidan haya rigima ce da mai gida. Bar ta ga masu gidan kansu.

In ni ne kai Bugera ɗin zan ɗauka, ba don ta fi sauran daɗin sauti ba, sifikarta ƙarama ce kuma wani lokaci za ka ji sautin a matse kamar ba ya samun wurin fita. Don kwalabenta ne. 12AX7 da EL84 su aka fi samu a duniyar jita, duk mai sayar da kayan kiɗa da ya san kwalba ya san su, kuma da yake babbar guda ɗaya ce ba ruwanka da neman biyu masu ƙarfi daidai da juna. HT-5R kuwa 12BH7 ce babbar kwalbarta, ranar da ta mutu za ka sha kiran waya kafin a samo maka. In daga baya ka samu hali sai ka haɗa mata akwatin sifika mai inci 12, ka dai tabbata lambar om ɗin da aka rubuta a bayanta, wato ma'aunin juriyar sifika ga wuta, ta yi daidai da ta sifikar.

Amma kar ka sa rai cewa a wat 0.1 za ka ji abin da kake ji a bidiyo. Rabin daɗin daga sifika yake, in tana kaɗa iska da ƙarfi, a can ƙasa kuwa da ƙyar take motsi. Za ka samu kamanni ne. Kuma tunda kiɗan Buzaye ka ambata, da yawa daga masu kaɗa jita a bukukuwan Agadez da amfilifaya mara kwalba suke yi, wasu ma mai batir, abin da kake ji yana shiga ranka daga yatsu yake da yadda suke maimaita zagaye ɗaya har ya kama mutum.

Sai maganar inda za ka ajiye ta. Yawancin ƙananan nan bayansu a buɗe yake, sauti na fita ta baya kusan yadda yake fita ta gaba, don haka kar ka jingina bayanta da bangon maƙwabcin nan. Ɗauke ta daga siminti ka ɗora kan kujera ko benci ta fuskanci kunnenka, da zarar tana kallon kunnenka maimakon ƙafarka da kanka za ka rage bolum. In an fara kiran salla ka kashe, wannan ba sai na faɗa wa mutumin Gusau ba.

Tambaya daga wani ma'aikaci, Jega

Malam barka da aiki. Yayana da ke Amurka ya ce zai aiko min da Fender Blues Junior da ya daina amfani da ita, kyauta. Matsalar ita ce wutarmu ba ta zama, wani lokaci in anka kawo ƙasa ƙasa take zuwa fanka da ƙyar take juyawa, muna da ƙaramin inji da kuma inbata ta sola. A wanne ya kamata in jona ta?

Amsa

Allah ya saka wa yaya da alheri, kyauta ce mai tsoka, Blues Junior tun 1995 take kasuwa kuma har yau ana sonta, wat 15, sifika inci 12, kwalabe EL84 biyu da 12AX7 uku. Abin da na faɗa wa na Gusau kan ƙara ya shafe ka, sai dai ita tana da Master don haka za a iya lallaɓa ta. Amma kafin mu je ga inji ko inbata, tsaya, kar ka jona ta ko'ina tukuna.

Ka ce wa yaya ya ɗauki hoton bayanta, daidai inda wayar wuta ta shiga. Za ka ga an rubuta 120V da 60Hz, wato ƙarfin wuta da saurin juyawarta, don wutar Amurka kenan, mu kuwa tamu 230V ce da 50Hz. In ka samo ɗan adafta na bakin kasuwa da ke canza bakin fulogi kawai ka soka a bango, ka ba ta kusan ninkin abin da take ɗauka, in ka yi sa'a fiyus ne zai tsinke, in ba ka yi ba hayaƙi da warin ƙuna, taransifomarta ta tafi, ita ce kuma mafi tsada a ciki. Abin da kake buƙata taransifoma ce mai sauko da wuta daga 230 zuwa 110 ko 120, mai nauyi ta gaske, wadda in ka ɗaga za ka ji ƙarfe da waya a ciki, mai wat 500 ta wadatar da ita har da saura. Ka ɗaure fulogin amfilifayar a jikinta da salatif ka rubuta 110 ɓaro ɓaro, don ba kai ne za ka ƙona ta ba, ƙaninka ne ko baƙo ranar da ba ka nan. Sannan wadda aka ƙera don 60 in tana aiki a 50 taransifomarta na ɗan fin ɗaukar zafi, don haka a bar mata iska. Shi ya sa ga mai saye da kuɗinsa kullum nake cewa ya nemi ta Ingila ko ta Turai, ta Ingila ma fuloginta irin namu ne mai ƙafa uku.

Wutar gari in ta zo ƙasa ƙasa za ka ji sautin ya yi laushi ya rasa ƙarfi, wannan da sauƙi. Wadda ke kisa ita ce mai zuwa da ƙarfi fiye da kima, da mai ɗaukewa ta dawo nan take, saboda zaren da ke ɗumama kwalba bolt 6.3 yake so, in ana yawan ɗora masa fiye da haka kwanansa na raguwa. Sa sitabilaiza a gaba, mai 1000 ta isa, ka danna maɓallin jinkirin nan da ke sa ta ɗan dakata kafin ta saki wuta. Wani lokaci za ka ji ƙas ƙas ɗinta na fitowa ta sifika in tana canza mataki, ba lalacewa ba ce.

Ƙaramin injin nan mai cin fetur haɗe da baƙin mai shi ne na ƙarshe a zaɓina, wutarsa hawa da sauka take duk sanda aka kunna wani abu a gidan. In dole ne to a tada shi ya daidaita tukuna sannan ka kunna, kuma ka kashe amfilifaya kafin a kashe shi ko a juya zuwa wutar gari. Inbata ta fi, da sharaɗin mai tsabtatacciyar wuta ce irin ta gari. Gwajin ba wuya, kunna fanka da ita, in fankar na wani kuka zzzz da ba ta yi da wutar gari to inbatar mai arha ce, wannan kukan zai shiga sifikarka kuma taransifoma za ta yi ta zafi a banza. Ka kuma sani mai kwalba tana shan wuta ko kana kaɗawa ko ka ajiye jita kana danna waya, tunda kwalaben a kunne suke, in batirinka ƙarami ne ka yi lissafi da shi.

Abu na ƙarshe kuma shi ya fi duk sauran. Gidajenmu da yawa soket ɗin rami uku ne amma na saman ba a haɗa shi da komai ba, babu wayar ƙasa. Tsirkiyar jita a haɗe take da ƙarfen jikin amfilifaya, in wani abu ya samu matsala a ciki kai ne hanyar da wuta za ta bi, musamman in kana zaune ba takalmi a kan siminti ga zufa. In kana jin ɗan tsiii a yatsa ko a leɓe in ka kusanci makirfo, kar ka ce sabo ne, kira mai wayarin ya kafa maka ƙarfe a ƙasa ya ja waya zuwa soket ɗin da kake amfani da shi. Kuma kar ka bari kowa ya karya ƙafa ta uku ta fulogi wai don ya shiga soket.

Tambaya daga wata uwa, Argungu

Salamu alaikum. Ni ba mai kiɗa ba ce, ɗana ne na biyu ya gama sakandare ya samu jita wajen wani abokinsa, yanzu ya tasa ni gaba wai sai na saya masa wata na'ura mai kwalba, ya nuna min kuɗin a waya na ga ya kai in saida buhunan shinkafa ba ɗaya ba ba biyu ba. Babansa ya ce ba ruwansa. Yaron dai ba ya yawon banza shi ya sa nake son in taimaka masa. Dole ne sai wannan mai tsadar?

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara girma ya raya zuri'a. A'a, ba dole ba ne, kuma ni da za ki bi tawa kar ki saida shinkafar nan. Wanda bai daɗe da fara koyo ba yatsunsa ba su kai inda za su fitar da bambancin da ake sayen mai kwalba dominsa ba, abin da yake buƙata yanzu shi ne abin da zai kunna kullum ya yi ta maimaitawa, da wuta ko ba wuta, ba tare da ya hana ku barci ba.

Akwai ƙanana marasa kwalba da ke kwaikwayon sautin masu kwalba, kuma yanzu sun ƙware ƙwarai. Roland Micro Cube da batir shida irin na tocila ƙanana take aiki, yaro zai iya ɗaukarta da hannu ɗaya ya tafi zaure ko gindin bishiya. Yamaha na da jerin THR, su ma akwai masu batir. In ana son babba kaɗan Boss Katana 50 na da maɓallin da ke sauko da ita zuwa rabin wat. Duk suna da wurin hedfon, wanda ina ganin ke da Alhaji za ku fi kowa jin daɗinsa, ba sa buƙatar canjin kwalba, ba sa ɗaukar zafi sosai, in sun ɗan bugu a kan babur ba gilashin da zai fashe.

Zai ɓata rai, zai ce ai ba ɗaya ba ne, kuma da gaskiyarsa ba ɗaya ba ne. Ki ce masa in ya shekara yana kaɗawa bai jefar ba, ya kuma fara tara nasa, sai a sake zama. A lokacin shi da kansa zai san irin sautin da yake nema, ba wanda aka nuna masa a waya ba. Ragowar kuɗin in akwai a saya masa tsirkiya sabbi da waya mai kyau ta haɗa jita, a kai jitar wajen wanda ya iya saita ta don kar ta riƙa yanka masa yatsu.

Tambaya daga mai kaɗa jita a coci, Zuru

Sannu da aiki Oga. Ina so in sayi guda ɗaya da zan yi atisaye da ita a gida in kuma kai ta coci ranar Lahadi, muna da ganguna da kibod. Mai wat 5 za ta iya? Kuma mai kibod zai iya jonawa a ciki?

Amsa

Yauwa sannu ɗan'uwa. Ita kaɗai ba za ta iya ba, za a ji ta amma kafin ta kai ƙarar ganguna ta riga ta shiga gurnani, ku kuma sauti garau kuke so a ƙarƙashin mawaƙa. Mafita ita ce ka sa makirfo a gaban sifikarta, kusa sosai, ɗan gefe da tsakiya, a tura cikin manyan sifikun cocin, ita kuma ta fuskance ka kana jin kanka. In ba makirfon da ya rage to sai mai wat 15 da ke sauka ƙasa, irin Orange Rocker 15 da ke zuwa 7 da 1 da rabin wat. Kibod kuwa a'a, sifikar jita ba ta fitar da siraran sautuka na sama sosai, na ƙasa masu nauyi kuma za su wahalar da ita, haka ma jitar bes, kar a gwada. Bayan an tashi ka bar ta ta huce kafin ka ɗora a babur, kwalba mai zafi ba ta son jijjiga.

Tambaya daga wani ɗalibi, Ƙauran Namoda

Malam na ga wata ta hannu wani zai sayar a Legas, ya turo hoto tana da kyau. Mi zan duba kar a cuce ni, kuma da zafin garinmu da ƙura anya za ta yi rai? Akwai mai gyaran rediyo kusa da mu ko shi zai iya duba ta in ta lalace?

Amsa

Hoto ba ya ƙara, ƙanena. Ka samu wani naka a can, ko cikin 'yan uwanmu da ke harka a kasuwar Alaba, ya je ya tsaya a kanta, in ba hali to a yi kiran bidiyo a kunna a gabanka tun tana sanyi. A fara da rubutun baya, 230 ko 120. Sai a leƙa kwalaben. Kowace tana da wani tabo mai sheƙi kamar madubi a cikin gilashin, galibi a sama, in ya koma fari kamar an barbaɗa alli to iska ta shiga, ta mutu. In an kunna za ka ga ɗan jan haske siriri a tsakiya, wannan daidai ne, amma in faffaɗan ƙarfen cikin ne da kansa ya yi jajir a kashe nan take, akwai matsala. A ba ta kamar rabin minti zuwa minti ɗaya ta yi ɗumi, in tana da maɓallin da aka rubuta Standby kar a taɓa shi sai bayan nan. Sannan a sa fensir a ɗan ƙwanƙwasa kowace kwalba a hankali, in sifika ta amsa da ƙara mai tsawo ko ƙyal ƙyal to wannan kwalbar ta kusa. A murɗa kowane abin murɗawa a ji ko yana ƙarar yashi, a bar ta a kunne ana kaɗawa na ɗan lokaci mai tsawo, don wasu matsalolin sai ta yi zafi suke fitowa. Ɗan huuu kaɗan a ƙasa al'adarsu ce, mai ƙarfi da ba ya sauka ko an rage bolum kuwa gyara ne ke jiranka, a rage kuɗi ko a fasa.

In ciniki ya faɗa, kar a saka ta a motar haya da kwalabe a jiki. Hanyar nan ta Legas zuwa nan ko mutum ya ya ya ƙare balle gilashi. A zare su a hankali, a rubuta wa kowace lambar raminta, a naɗe da soso ko tsumma a saka a kwali daban. Ka roƙi mai sayarwa ya haɗo maka da saiti ɗaya na kwalaben ajiya tun daga can, don masana'antun da suka rage suna yin su 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma tun da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi a 2022 kuɗinsu ya haura. Babbar ita ke fara gajiya, ƙananan kan yi shekaru.

Zafi ba zai kashe ta ba, an yi ta ne ta yi zafi, amma a watan Maris da Afrilu da ake haura digiri 40, a ɗakin kwano da rana tsaka, ka tausaya mata, ka bar tazara tsakaninta da bango, fanka na kaɗawa, kar ka ɗora kaya a kanta. Lokacin hunturu in ta huce ka rufe ta da zane. Ka riƙa leƙa bayanta da tocila lokaci lokaci, zanzaro na son gina ɗakinsa a irin wannan lungu, kyankyaso da ɓera kuma ɗumin ke kiransu. Kuma ko da wasa kar ka kunna ta ba a haɗe da sifika ba, taransifomar da ke tura sauti ce za ta ƙone.

Mai gyaran rediyo kuwa ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa aiki a kan mai kwalba. Dattawan da suka yi zamanin tsohuwar talabijin mai ƙeya sun san hatsarin babbar wuta, yaran da suka taso a gyaran waya yawanci ba su sani ba. A cikin akwatin nan akwai bolt 300 zuwa 400, kuma akwai kafasito da ke riƙe wutar ko bayan an zare fulogi, tana iya kisa. Canza kwalba da fiyus kai ma za ka iya in ka zare ta daga wuta ta huce, fiyus ɗin kuma a sa mai lamba ɗaya da wanda aka cire, ban da naɗa masa waya ko takardar sigari. Duk abin da ya kai ga kwance ƙarfen ciki ka bar wa wanda ya san yadda ake sauke wutar kafasito, ko da kuwa sai an kai ta Kano ko Kaduna.